Hoton Wata Mata a Garinmu

Ni ne ɗan farin Inna, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Dogarawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, can na girma, danga ɗaya ce tsakanina da uwar da ta haife ni. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda na zauna, ba ta miƙa mini abu hannu da hannu. In tana son in ci abinci sai ta dubi kaji ta ce, "Tuwo na hucewa, masu shi sun tsaya yawo." In na yi laifi ƙanwata ake yi wa faɗan, da ƙarfi, yadda zan jiyo daga zaure. Yarinyar nan ta sha zagi a kan awakin da ni na bari suka shiga gonar mutane, kuma har yau ba ta yafe mini ba.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Kunya ce, kowa ya san ta, kuma uwar da ta fi kunyar ɗan farinta ita aka fi yabo. Da na gama karatu aka ba ni aji a wata lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, sai Allah ya kawo mata sauƙi. Mutane suka fara ce mini mushe, yadda ake ce wa kowane malamin boko a wajenmu, ita ma ta samu abin kira. Abokaina na ƙetaren iyaka suna dariya, wai wace irin uwa ce za ta ce wa ɗanta mushe da ransa da lafiyarsa. Ni kuwa daɗi na ji, don shi ne suna na farko da ya fito daga bakinta yana nufina.

Ciwon da ya kama ta ban ji shi daga bakinta ba, ban kuma ji daga bakin Baba ba. Ƙanwata ce ta gaya wa matata, matata ta yi ta juya maganar kafin ta gaya mini, ita ma tana kallon tabarma. Jini ne yake zubo wa Inna, ga shi ta daɗe da barin al'ada. An yi na gida, an sha saiwoyi, an sha rubutu, har wata ungozoma a Ƙonni ta duba ta ta ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai Yamai. Can aka ce sankarar bakin mahaifa ce. A gari kuwa ciwon ciki aka ce, kuma a kan ciwon ciki aka tsaya, don ba a ambaton wannan wuri a bainar jama'a. Ko yanzu da nake rubuta shi sai da hannuna ya yi nauyi.

Ƙanwata ce ta yi jinyar. Ita ta zauna da ita a Yamai aka yi ta yi mata gashi da na'ura, ana ƙara mata ruwan nan mai sa amai. Ita ta wanke, ita ta goge, ita ta riƙe. Ni nawa aika hatsi da busasshen kuɓewa, sai kiran waya in ce, "Ya mai jiki?" a ce da sauƙi, in ce Allah ya ƙara, in kashe. A raina kuwa gani nake babu ɗan da ya kai ni kula da uwa.

Farkon damina suka dawo. Ta rame, zanenta yana zagaye ta har ya yi saura, amma tana tafiya da ƙafarta. Kafin kaka ta fara share tsakar gida, tana yi wa jikoki tsawa, tana sa baki a rabon hatsi. Mata suna shigowa barka da arziki. Sai dai lokotoro, wato likitar da ta duba ta a Yamai, ta riga ta ce bayan wasu watanni a dawo da ita a yi mata hoto, irin wanda ma'aikatan ke kira i'erem, wanda ake zura mutum cikin na'ura a ga cikinsa. Da shi za a gane ko ciwon ya mutu ko laɓewa ya yi.

Lokacin ya zo daidai da haihuwar ƙanwata, tana wankan jego a gidan mijinta can wajen Illela. Ƙanena yana cirani. Matata suruka ce, tata kunyar ta fi tawa, kuma Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Ranar wata Juma'a na je gida, bayan an sauko masallaci Baba ya kira ni zaure.

"Kai ka san bakinsu," ya ce. "Kai za ka kai ta."

"Baba, ni?"

"Wa kaka so in aika, jaki?"

Ashe Inna tana bayan danga tana jin mu. Ta ɗaga murya kamar da tukunya take magana. "A ce ma mushe kar shi wahal da kainai. Na warke."

Baba ya ce, "A ce ma wadda ta warke ta ɗaure kayanta."

Haka aka yanke. Na nemi izini a lakwal, na bar wa abokin aikina ajina.

Motar da ta ɗauke mu daga Dogarawa zuwa Ƙonni ba ta ba mu wahala ba, don ita tana baya cikin mata da buhunan albasa, ni ina gaba. A babbar mota ta Yamai aka samu matsala, tikitinmu kujeru biyu ne manne da juna. Ta tsaya a tsakiyar mota da ƙullin kayanta a hannu, mutane suna ta turo ta, ta ƙi zama. Sai da wata 'yar kasuwa mai tafiya da atamfofi ta gane abin da ake ciki, ta yi dariya ta ce, "Ɗan hwari na ko? Taso, malam, koma wurina." Na koma kujerar baya da tasu, na yi tafiyar nan duka ina kallon ƙeyar uwata.

Daga nan na ga wasu abubuwa. Na ga kafin ta zauna ta ciro wani tsohon zane ta ninka shi ta shimfiɗa a kujera. Na ga ba ta sha ruwa ba duk zafin nan. Da aka tsaya salla a Dogondutsi ta shiga ban-ɗaki da ƙullinta ta daɗe, har direba ya fara danna oda. Na gani, na kau da kai, na ce a raina tsofaffi da tsabtarsu. Tun ina yaro aka koya mini kau da kai daga gare ta, kuma na iya shi fiye da yadda na iya karatu.

A gidan wani ɗan garinmu mai sayar da kayan babur muka sauka. Aka fara ɗibar jininta a ga ko ƙodarta za ta ɗauki allurar da ake yi lokacin hoton, sannan aka ba mu rana. Na tafi da ƙarfin gwiwata, don ƙanwata ta ce akwai wata ma'aikaciyar jinya Bahaushiya, mutuniyar kirki, ita take yi musu fassara duk zamansu. Nawa kawai in kai Inna ƙofa in zauna a benci. Da muka isa na tambaye ta, aka ce ta tafi hutu.

Lokotoron mace ce, Bazabarma, ba za ta girme ni ba. Ta gaida Inna da Hausa, "Sannu Mama, ina kwana," daga nan Hausarta ta ƙare. Ta dube ni ta tambaya da Faransanci ko ni wane ne. Na ce ɗanta. Ta ce madalla, in zauna. Kujera biyu ce a gaban teburin. Inna ta ja tata har sai da ta kusa bango, ta juya mini kafaɗa.

Tambayoyin farko ba su da wuya. Akwai ƙarfe a jikinta? An taɓa yi mata aiki aka bar wani abu a ciki? Ta cire 'yan kunne da zobe da awarwaro, in akwai laya ita ma a cire, don na'urar tana jan ƙarfe. Na fassara tiryan-tiryan, har ina jin kaina. Sai lokotoro ta ce, "Tambaye ta, tun da aka gama gashi, jini ya sake zubo mata?"

Babu kalmar da ban sani ba a ciki. Jini ko yaron goye ya san shi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, lokotoro na tambaya, ya ƙarhin jiki?"

"Alhamdu lillahi," ta ce wa bango.

Na ce wa lokotoro, "Ta ce babu."

Ta rubuta. "Ruwa fa? Wani ruwa yana fito mata ta gaba, mai wari ko marar wari?"

Na ce, "Wai kina cin abinci?"

"Ana taɓawa."

"Ta ce babu," na sake cewa.

Lokotoro ta ajiye biro. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malam, ban iya Hausa ba, amma ina zuwa kasuwa. Na san abinci."

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Ni da nake tsayawa gaban yara ina ce musu ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ga ni an kama ni da ita dumu-dumu, a kan ran uwata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, wai a al'adarmu ɗan fari da uwarsa, sai ta ɗaga hannu ta ce su ma suna da ita, ba sai na koya mata ba. Ta ce in saurara. Gashin da aka yi wa Mama yana barin tabo a ciki, kuma a hoto tabo da ciwon da bai mutu ba sukan yi kama. Abin da mai jiki take ji shi ne yake nuna mata inda za ta ƙura ido, shi ne kuma yake gaya mata ko a jira ko a gaggauta. "In ka ce mini babu alhali akwai, ina iya ganin inuwa in ce tabo ne, in sallame ku sai bayan watanni. Ka gane abin da nake nufi?"

Na gane. Na juya wajen Inna. Na ce, "Inna, lokotoro na son ta sani, ko abin nan, na da, wanda..." Harshena ya tsaya nan kamar jakin da ya ga rijiya.

Daga baya na lura cewa tun tambayar farko ta san abin da ake nema. An sha yi mata waɗannan tambayoyi a ɗakin nan, ta san jerinsu, ta kuma ji yadda na karkatar da su ta bi ni a kan hakan. Ta gyara lulluɓinta, ta dubi taga, ta ce, "Akwai wata mata a garinmu."

Raina ya ɓaci. Na san halin tsofaffinmu, in sun samu ganin likita sai su kwaso ciwon maƙwabta duka, ko a samu a tafi wa wance da magani. Ga mutane cike a waje suna jira, ga ni na riga na zubar da mutuncina. Na ce, "Inna, ba labarin mutane munka zaka yi ba."

Ba ta dube ni ba. "A bar ni in hwaɗi. Wanda anka kawo don hwassara shi hwassara."

Lokotoro ta tambaya me ta ce. Na ce labarin wata maƙwabciya take son bayarwa, a yi haƙuri da ita. Lokotoro ta dubi Inna, ta ɗan jima, sannan ta ɗauki bironta. Ta ce, "Fassara mini. Kar ka rage komai."

"Matag ga," in ji Inna, "an yi mata gashi kamar yadda anka yi man. Ta koma gida ta samu sauƙi, hat ta yi shara, hat ta yi ɗan daka. Da anka hwara yankan hatsi sai ta ga jini. Ba da yawa ba, ba kullum ba. In ta ɗauki abu mai nauyi, ko ta daɗe tsugunne."

Na juya shi zuwa Faransanci. Wata mata, an yi mata gashi, ta koma gida. Ina cikin faɗin yankan hatsi zanen nan da aka ninka a kujerar mota ya faɗo mini a rai. Na yi tari na ƙarasa.

Lokotoro ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Tambaye ta, matar nan, ruwa yana fito mata?"

Na tambaya, da kalmomin da aka ba ni, ban sauya ko ɗaya ba. Abin mamaki, sun fita. Ai ba uwata nake tambaya ba, labarin wata mata muke yi.

"Shina hita. Kamar ruwan wankin nama. Shi as sa ba ta son zama cikin mutane."

"Tana jin ciwo?"

"Ga ƙugu, wajen hagu. Wani lokaci shi sauka hal cinya."

"Ta gaya wa wani?"

"Wa za ta hwaɗa ma? Ɗiyatta na da tsohon ciki sa'annan. Ba a ɗora ma mai ciki kaya biyu."

Sai lokotoro ta yi tambayar da nake tsoro tun da na zauna. Matar nan tana da miji? Suna kwana tare? In sun kwana jinin yana zuwa? Na dubi takalmana. Na ce, "Wai matag ga, mijinta na nan? Shina zuwa ɗakinta?"

Inna ta sake duban taga. Sannan ta ce, "Shina nan. Tsoho na mai hankali. Tun da ciwon ya hwara ya ɗauke tabarmatai ya koma zaure. Kullum da sahe shi aka hwara ji bakin ƙohwa shina tambayar yadda ta kwana."

Na fassara wannan ma, har da tabarmar, ko da yake ba a tambayi tabarma ba. Na sha ganin shimfiɗar Baba a zaure in na je gida, na ɗauka zafi ne ya kore shi.

Wata ma'aikaciya ta zo ta tafi da ita. Ta fito daga wani ɗan ɗaki sanye da rigar asibiti, babu lulluɓi, babu ɗankwali, furfurarta a waje. Rabona da ganin kan Inna a buɗe tun ban san kaina ba. Na yi sauri na juya na fuskanci bango har suka wuce. Aka miƙo mini 'yan kunnenta da awarwaronta da wata 'yar laya ƙulle a bakin gyale, na riƙe su a benci. Ta bayan ƙofa ina jin na'urar tana bugawa, ta tsaya, ta sauya murya, ta sake kamawa. An ce mata kada ta motsa, kuma aka ce ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Da ta fito ta mayar da kayanta, ta ce wa ma'aikaciyar, wadda ba ta jin ko kalma, "Injin niƙan garinmu ya hi wanga ladabi."

Da muka koma karɓar sakamako, lokotoro ta juyo mini da allon na'urarta. Hoto ne baƙi da fari da toka-toka, ban gane komai ba sai da ta sa bakin biro tana nunawa. Nan ƙashin baya, nan mafitsara, nan mahaifa. Na tsaya a kan wannan. Wani ɗan abu ne da bai kai tafin hannuna ba, ya tsuke, ya kwanta gefe. A nan na zauna kafin in zo duniya, kuma matar da ba ta taɓa yarda na ga tsakar kanta ba tana zaune a gefena ana nuna mini shi. Na ji kamar na leƙa ɗakin da aka hana ni shiga. Na so in kau da kai, amma na ga inda kau da kai ya kusa kai mu, sai na ci gaba da kallo.

Biron ya sauka ƙasa kaɗan. Ta ce nan ne bakin mahaifar, yawancin abin da aka gasa ya mutu, ya zama tabo. Amma ga wani ɗan wuri a gefen hagu da ya sha allurar ya yi haske, ba ta yarda da shi ba. Da a ce babu jini babu ciwo, da wataƙila ta ce a jira a sake hoto. Da abin da Mama ta faɗa kuwa, ba za ta jira ba. Za a ɗebi ɗan nama a wurin a auna, in ya tabbata ciwon ne likitoci za su zauna su ga ko aiki za a yi a cire mahaifar. Ta ce ƙarami ne, an gan shi da wuri, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ba mu rana nan kusa, ta ce in gaya wa Mama yanzu a gabanta.

Kafin in buɗe baki Inna ta miƙe ta ɗauki ƙullinta. Ta karanta fuskokinmu, ba ta bukatar Faransanci. "A ce ma lokotoro mun gode. Sauran magana sai mun hita." Lokotoro ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Duka za ka gaya mata. Ba abinci ba." Na ce to.

Ban gaya mata a Yamai ba. A mota ma ban gaya mata ba, na sake yin tafiyar ina kallon ƙeyarta, ina shirya magana ina rushewa. Muka sauka Ƙonni bayan azahar, muka shiga tashar motocin Dogarawa. Motar ba ta cika ba, direba ya ce saura mutum kaɗan, wanda duk mai shiga motar kasuwa ya san ma'anarsa. Inna ta samu benci a ƙarƙashin wata rumfa ta zauna a ƙarshensa. 'Yan kabu-kabu suna ta kiran fasinja, manyan motocin siminti suna wucewa suna girgiza ƙasa. Na sayo mata fura na ajiye a tsakiyar bencin, yadda za ta ɗauka ba daga hannuna ba.

Na san abin da zai faru in muka isa gida. Ita za ta shige ɗakinta, ni in tsaya a zaure. Zan gaya wa matata, ta gaya wa ƙanwata, ƙanwata ta kira Inna a waya, kafin maganar ta isa kowa ya rage mata kaifi don tausayi, har ta zama a ci gaba da addu'a. Haka ranar da aka ba mu za ta zo ta wuce. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin, na dubi tayar wata mota.

Na ce, "Inna, matag ga ta garinmu."

Ta ajiye ludayi.

"Lokotoro ta ga hotonta. Ta ce mahi yawan ciwon ya mutu. Amma akwai saura, ɗan kaɗan, ga bakin mahaihwa, wajen hagu, inda taka jin ciwo. Shi ka kawo jinin. Za ta koma a ɗebi nama a auna. In shi na, wataƙila a yi mata aiki a hidda mahaihwar gaba ɗai. Lokotoro ta ce da ba ta hwaɗi gaskiya ba da an bar shi ya girma. Ba ta ce za ta warke ba, ba ta ce ba ta warkewa ba."

Ban rage komai ba. Da na gama na ji hawaye suna sauko mini, ni da gemuna, a tsakiyar tashar Ƙonni, inda iyayen ɗalibaina suke wucewa. Na ƙara jin wata kunyar a kan ta da.

Ta ɗauki ludayin ta juya furar, ba ta sha ba.

"Mahaihwa ta gama aikinta," ta ce. "In sun so su ɗauka. Matag ga, ɗanta ya tsorata?"

"Awo. Ya tsorata."

"A ce mai shi share hawaye, mutane na kallo." Ta turo ƙwaryar furar zuwa tsakiyar benci, ta ƙara turo ta har ta taɓa gwiwata. "Kuma a ce mai shi koma lakwal shi nemi wani izini. In za ta koma, shi za shi kai ta. Ya riga ya ji, ba ta iya hwaɗa ma wani daga hwarko."